Kangon Wales a Falon Yaya

A falon yayana a garin Laurel na Amurka akwai wani hoto da ya cinye rabin bango. Ba hoton Ka'aba ba ne, ba kuma na mahaifinmu ba, Allah ya jiƙansa. Hoton wani kango ne na dutse a ƙasar Wales, ba rufi, ba ƙyaure, ciyawa ta tsiro a kan katangarsa, tsuntsayen teku sun yi masa kashi fari fat. Yaya ya sa aka yi masa firam mai ruwan zinare, har da 'yar fitila a sama mai haska shi. Duk wanda ya shiga gidan nan, kafin ya sha ruwa sai ya sha tarihin kangon.

Yaya injiniyan gadoji ne. Wajen aikinsu suka tura shi taro Ingila, ba a daɗe da shiga shekarun dubu biyu ba, bayan an tashi wani abokin aikinsa ya ja shi yawon buɗe ido a jirgin ƙasa har Wales. Yini ɗaya ya yi a can. Ya dawo da hoton, da littafi mai kauri, da wani kofin shayi mai zanen jan dodo, da kuma ciwon da har yau ba a samo maganinsa ba. Ni a lokacin ina zaune da maigidana a wani dogon bene a Silver Spring, ina aiki a kantin magani a Wheaton. Kowace Sallah, da wasu ranakun Lahadi, mukan hau mota mu tafi Laurel cin tuwon matar Yaya, wadda muke kira Anti. Tuwon yana da daɗi, sai dai ba a cinsa kyauta, da kunne ake biya.

Ban taɓa taka Wales ba, amma ko cikin barci aka tashe ni zan karanto tarihin kangon nan. Wales tana yamma da Ingila, ƙasar tsaunuka da tumaki da ruwan sama, mutanenta suna da harshensu daban, kuma da can suna da sarakunansu. Sama da shekara ɗari bakwai da suka wuce wani sarkin Ingila ya ci su da yaƙi. Da ya ga ba za su kwanta masa da daɗi ba, sai ya jera irin waɗannan gine-gine a bakin teku, don in an tare shi ta tudu jiragen ruwa su kawo wa sojojinsa abinci. Wannan na hoton an ɗora shi a kan wani falalen dutse inda kogi ke shiga teku. Hasumiya takwas gare shi, zagayayyu, katangar kuma kaurinta ya isa mutum ya yi tafiya a kai. Babban maginin daga ƙetaren teku aka ɗauko shi, leburori kuwa daga garuruwan Ingila aka tattaro su. An ce da aka gama har farar ƙasa aka shafe shi da ita, don ya riƙa ƙyalli tun daga nesa.

A nan Yaya yakan miƙe da cokali a hannu, yana nuna hoton.

“Dubi windon nan. Daga waje tsaga ce kawai, daga ciki kuma tana da faɗi. Kai ka harbi mutum da kibiya, shi ba ya iya harbinka. Injiniyarin ke nan. Sojoji 'yan kaɗan sun isa su riƙe kasul ɗin nan gaba ɗaya.”

Kasul yake ce masa, yana wani lanƙwasa harshe. Ni kango nake cewa, amma a cikin mota, in mun kama hanyar gida.

Akwai wani sashe na tarihin da Yaya yake wucewa da sauri, kamar mai tsallake kwata. A wurin da sarkin ya zaɓa akwai gidan ibada na mutanen ƙasar, inda suka binne manyansu. Ya tashe su, ya ce su koma can gaba cikin kwari. Ya zagaye sabon garin da ganuwa, ya kawo Turawan Ingila ya zuba a ciki, masu ƙasa kuwa aka hana su zama a cikinsa, sai dai su shigo cin kasuwa su fita. Daga baya wasunsu sun taɓa ƙwace ginin da dabara. Sun bari sai ranar da sojoji suka tafi coci, aka tura wani ya ce shi kafinta ne ya zo gyara, aka buɗe masa. Da zamani ya juya, bindiga ta zo, ginin ya zama ba shi da amfani, aka kware darmar rufinsa aka sayar, ruwan sama ya ƙarasa sauran. Abin da ya rage shi ne abin da Yaya ya haska da fitila.

Wata Sallah akwai wani baƙo, mutumin Damagaram mai tuƙin tasi a Washington, wanda maigidana ya gayyato. Ya saurari laccar nan tsaf, sannan ya ce, “To Alhaji, yanzu wa ke kwana ciki?”

“Ba kowa. Wurin tarihi ne, tikiti ake saya a shiga.”

“Ikon Allah. Mu can in gida ya yi hakanga, awaki muka ɗaurewa ciki.”

Kowa ya yi dariya, har Anti. Yaya ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Ya ce matsalarmu ke nan, ba mu san darajar gini ba, shi ya sa komai namu na laka ne, damina biyu ya zube.

Da abin ya tsaya a falon Laurel da ban rubuta wannan ba. Kowa da haukarsa, wani ƙwallo, wani siyasa. Amma bayan rasuwar mahaifinmu sai Yaya ya tara mu ta waya, mu ƙannensa, ya ce ya yanke shawarar rushe gidanmu na cikin birnin Zariya ya gina wa Inna gidan da ya dace da uwar injiniya. Ya aiko da zane. Ina buɗewa na ga hasumiya.

Gidanmu na ƙasa ne, kakanmu ya gina. Zaure mai rufin azara, sanyi ƙalau ko da bazara, tsakar gida mai rijiya da bishiyar lemun tsami, ɗakuna a jere. Ba zan yi ƙarya ba, yana yoyo, kuma duk shekara sai an yi masa yaɓe. Amma abin da ya sa gidan ya zama gida wata 'yar ƙofa ce a katangar baya, wadda sai an sunkuya ake wucewa. Ta nan ake shiga gidan maƙwabta, daga can kuma akwai wata zuwa gida na gaba. Matan unguwa sukan ratsa gida uku huɗu ba su taka titi ba, ba su nemi mayafin fita ba. Tsakar gidan Inna ita ce mararraba. A nan ake barin jariri in za a je asibiti, a nan ake aron turmi, a nan ake kawo ƙarar miji. Kuma kowace safiya ta Allah, wata tsohuwa da muke kira Iya, wadda aka kawo ta unguwar amarya shekara ɗaya da Inna, takan sunkuyo ta ƙofar nan da kwanon kokonta, su zauna su sha tare. Wani lokaci ko magana ba sa yi.

Yaya bai san wannan ba, kuma ba na jin ya taɓa tambaya. Shi ɗan fari ne. Ana yaye shi aka ba baffanmu a Kaduna, daga can makarantar kwana, daga nan jami'a, sai Amurka. Gidan nan baƙo yake zuwa cikinsa. Inna kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. “Yayanku” take cewa, ko “wancan”. In ya zo gaishe ta yakan durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta juya fuska wajen bango ta ce, “An zo lafiya?” Shi ke nan hira ta ƙare. In tana son ya ci abinci, mu take aika. Duk duniya ba wanda take alfahari da shi kamarsa, kuma duk duniya ba wanda ba ta iya yi wa magana kamarsa.

A lokacin, da katin waya muke kiran gida. Nakan saya a wani shagon 'yan Ghana a Wheaton in na tashi aiki, in kankare bayansa, in kira wayar ƙanenmu ya kai wa Inna. Ranar, bayan mun gaisa, sai ta ce:

“An ce yayanku zai rushe gida.”

“Haka ya ce, Inna. Kina so?”

“Ina zan so? Nan aka kawo ni. Nan ubanku ya cika. In yoyo ne a sa kwano mana.” Sannan ta ƙara da cewa, “Amma kada ki ce na ce.”

Na ce mata to, amma tun kafin in ajiye wayar na san zan faɗa. Wace irin 'ya ce za ta ji wannan ta kama bakinta?

Lahadin da ta biyo baya muka je Laurel. Na bari aka ci abinci, yara suka hau sama suna ta Turancinsu, sannan na ce, “Yaya, Inna fa ba ta son a taɓa gidan nan.”

Ya ajiye kofinsa mai jan dodo. “Ita ta gaya miki?”

“Ita ta gaya mini.”

“To ai ba matsala. Bari mu kira ta, mu ji daga bakinta. Ni ba na aiki da ji-ta-ji-ta.”

Na ce kada ya yi haka, ya san ba za ta iya ba. Ya ce wannan tunanin da ne, uwa da ɗanta mene ne abin ɓoyo. Mutumin da ya haddace kaurin katangar wasu mutane a Wales, bai san kaurin wadda ke tsakaninsa da uwar da ta haife shi ba. Ya buga, ya sa wayar a sifika, ya ɗora ta a kan tebur, daidai ƙarƙashin hoton. Ƙanenmu ya kai mata.

“Inna, ina wuni. Ni ne. Ga mu nan duka, har da mai ɗakina. Maganar ginin nan ce. An ce wai ba kya so. In ba kya so ki faɗa, wallahi sai in fasa.”

Ina jin kukan akuya ta cikin wayar, da muryar wata mata tana sallama.

“Duk abin da aka yi daidai ne,” in ji ta. “Allah ya yi albarka.”

“Kin amince ke nan?”

“Allah ya yi albarka.”

Ya kashe wayar ya dube ni, ya buɗe hannuwa. Anti ta tashi ta shiga kicin don kada mu haɗa ido. Maigidana ya ƙura wa kafet ido. Na zama maƙaryaciya mai hassadar ɗan'uwanta, a gaban kowa. Har muka iso Silver Spring ban ce uffan ba, don in na buɗe baki kuka zan yi, kuma ban so in yi wa kango kuka.

Da na sake kiran Inna, ita ce ma ta yi mini faɗa. “Ke da na ce kada ki faɗa? Ni da bakina zan ce wa ɗan fari a'a, matarsa tana ji? So kike a ce ya yi abin arziki uwarsa ta watsa masa ƙasa a ido?” Na ce to ai gidan zai tafi. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Aka kwashe Inna aka kai ta gidan ƙanenmu a Samaru, aka sa katafila. Ginin ya ɗauki shekaru, don Yaya daga nan yake aika umarni, magina kuma daga can suke yin abin da suka gane. Hotuna suna zuwa, da farko ta imel, daga baya ta waya, kuma duk wanda ya zo sai an nuna mana shi a Laurel bayan tuwo. Filin bai isa hasumiya takwas ba, aka yi huɗu. Dutse ya yi tsada, aka yi da bulo, aka shafe da siminti, aka sa wani ya bi da ƙusa yana zana layi don ya yi kama da dutse, aka bi da fenti ruwan toka. Hasumiya ɗaya tankin ruwa aka sa a ciki, sauran ukun jemagu suka samu. Tagogi sirara, tsaga-tsaga, a garin da zafin bazara ke hana jariri barci. Har gwalalo, ramin nan da ake zagaye ganuwa da shi, ya sa aka fara haƙawa a gaban gida, damina ɗaya ya cika da ruwa da leda da sauro, mai unguwa ya aiko a cike shi. Masu acaɓa ba su ɓata lokaci ba suka raɗa wa gidan suna. In ka ce a sauke ka gidan yari na cikin gari, ba wanda zai tambaye ka wanne.

Na tambayi Yaya 'yar ƙofar baya fa. Ya ce wace ƙofa? Na kwatanta masa. Ya yi dariya ya ce ai wannan rami ne, ba ƙofa ba, kuma ba a barin rami a katanga, maganar sikiyuriti ce. Ƙofa ɗaya ake yi wa gini, mai ƙarfi, da mai gadi. Ya nuna mini a hoton Wales ɗin yadda suka yi tasu.

Ya je da kansa aka buɗe gida, aka yanka sa, aka yi addu'a. Ya dawo da bidiyo. Ga Inna a saman bene, a kan wata kujera mai laushi da har yanzu ledarta ba a cire ba, ta juya fuska wajen bango. Yaya ya tsayar da bidiyon a nan ya ce, “Kun gani? Har ta kasa magana don murna.”

Sauran labarin a bakin ƙanenmu na riƙa jinsa, guntu-guntu. Mai gadin daga wani gari aka kawo shi, bai san kowa ba, kuma an ba shi umarni ya tambayi duk mai shiga. Matan unguwa da ke ratsowa da zani ɗaya yanzu sai sun yi shiri, sun nemi izini, sun zagayo ta titi, sun buga get na ƙarfe. Suka zo sau ɗaya ganin gida, suka yi santi, ba su ƙara ba. Iya ta fi kowa naci. Ga tsufa, ga ido ya fara rauni, amma takan lallaɓo da sandarta da kwanon koko, ta hau matakalar nan tana hutawa. Wata safiya aka canja mai gadi, sabon ya leƙo ta 'yar taga ya ce mata, “Baba, wa kike nema? Ba a bara a nan.” Ta juya. Ƙanenmu ya je har gida ya ba ta haƙuri, ta ce ba komai, yaro ne. Amma ba ta sake zuwa ba. Inna kuma ba ta fita, don matar da ta shekara hamsin ba ta taka titi sai da dalili ba za ta fara yawo da tsufa ba.

Sai bayan wasu shekaru na samu zuwa gida. Na sauka a mota na tsaya ina kallon abin. A hoto ya fi kyau. Fentin ya kwaile, layukan ƙusa sun tsattsage, ga katanga ta yi tsawo har ta tare wa maƙwabta rana. Na buga get. Muryar da ta amsa daga ciki ta Inna ce.

A ɗakin mai gadi na same ta, ɗan ɗaki a jikin get wanda tabarma biyu ta cika shi. Ta sa an sauko mata da katifarta da buta da akwatinta, mai gadin ta tura shi ƙasan wata hasumiya. Saman benen yana kulle, kujeru suna cikin ledarsu. Ta ce nan ta fi jin motsin mutane. In ta bar ƙaramar ƙofar get a buɗe tana ganin ƙafafun masu wucewa, wani lokaci har wata ta leƙo su gaisa.

Na san abin da Yaya zai ce in ya ji, kuma da na koma haka ya ce: gwiwa ce ke damunta, zai sa a yi mata ɗaki a ƙasa mai tayil. Ban ma tsaya yi masa gardama ba.

Da yamma muna zaune a ɗan ɗakin, na ce gobe zan zagaya in gaida Iya, na kawo mata turare da man zafi. Inna ta ci gaba da jan carbinta.

“Iya ai ta rasu. Da azumin bara.”

Na yi salati. Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini?

“Ni ma ba a gaya mini ba. Da hantsi ta cika. A lokacin ina sama. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma ban ji kuka ba, ban ji komai ba. Sai da aka dawo daga maƙabarta jikarta ta zo ta buga get.” Ta ajiye carbin a cinya. “Mun yi alkawari da ita tun muna da ƙuruciya. Wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta yi mata wanka. Wasu suka yi mata.”

Wani mai acaɓa ya wuce, ƙarar ta cika ɗakin ta fita.

“Washegari na sauko nan,” in ji ta. “Yanzu sai ke. In jirgi ya kawo ki da wuri, ke za ki yi mini. In bai kawo ki ba, ban san wa ba.”

Ni da ita duk mun san ba a ajiye gawa a jira jirgi daga Amurka. Ta miƙa hannu ta jawo buta, ta ce in matsa mata za ta yi alwala.